Kakanninmu Sun Zo da Goyo, Amma Ba a Bayan Boksi Ba



Wani ƙanena, ɗan baffana, ya same ni bayan sallar isha'i a ƙofar gida nan Damazin, ya ce ya zo sallama. Ya sayar da rakshar da yake ci da ita, ya haɗa da 'yan kunnen matarsa, zai nufi Dungula, daga can ya faɗa sahara zuwa Kufra ta ƙasar Libiya. Na tambaye shi hannun wa zai bar iyali. Ya ce babu wanda zai bari a baya, da matar da 'ya'ya uku duk tare za su tafi. Babbar shekararta 7, ƙaramin ko yaye ba a yi masa ba. Na ce, "Kai kuwa ka san abin da sahara take yi wa jariri?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Yaya, mu da kakanninmu suka taso daga Kano a ƙasa da goyo a baya? Tafiya ai gadonmu ce."

Wannan amsa ta hana ni barci, domin ba daga bakinsa na fara jin ta ba. Na ji ta a kasuwa, na ji ta a wurin zaman makoki, na ji ta daga bakin mutanen da suka girme ni. Tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne. Ragowar rabin ne nake tsoron ya kai 'ya'yanmu inda ba a dawowa.

Bari mu fara da rabin da yake gaskiya. Babu ɗaya daga cikinmu, daga Mai Wurno zuwa Rusairis, daga kanabin Jazira zuwa Gadarif da Kasala, da ba tafiya ce ta haife shi ba. Tun kafin zuwan Turawa alhazai daga ƙasar Hausa da Barno suke ratsa wannan ƙasa suna neman gaɓar Bahar Maliya. Da Ingilishi suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗaga tutar hijira zuwa gabas, jama'a suka bi shi da matansu da 'ya'yansu da dabbobinsu. Ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, ba su yada zango na dindindin ba sai wajen 1906, a bakin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, a garin da har yau yake amsa sunansa. Bayansu ayari ya yi ta bin ayari: daga Kano zuwa Barno, a haye zuwa Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, a bi ta Abeshe da Adre, a shigo Jinaina, a wuce Fashir da Nuhud zuwa Ubayyid, daga nan Kosti ko Sinnar, har Sawakin inda ake jiran jirgin ruwan Jidda. Tsakanin Kano da bakin teku ya haura kilomita 3,000, kuma da yawa a ƙafa da jaki suka ci mafi yawansa.

Kakata ta wajen uwa tana cikin waɗannan yara. Takan ce ta bar ƙasar Kano a bayan uwarta, ta iso Jazira da tulu a kanta. Ƙanena ya san wannan labari kamar yadda na san shi, tare muka ji shi a tabarma ɗaya. Abin da bai tsaya ya lissafa ba shi ne shekarun da ke tsakanin goyo da ɗaukar tulu. Shekara bakwai ne ko fiye. A cikin wannan lissafi amsar maganarsa take.

Mutanen nan ba su taɓa yin tsere da hanya ba. Ayarin Bahaushe yana da madugu, yana da jagaba wanda ya san rijiyoyi, yana da malami. Ana tashi da asuba, a sauka kafin rana ta yi tsaka, kuma tafiyar yini ba ta wuce abin da mai ciki da tsoho da jaki mai mangala za su iya ba. In damina ta faɗi, tafiya ta tsaya. A roƙi gona a wurin mai gari, a shuka gero da dawa, a girbe, a daka, a cika taiki, sannan a tashi da kaka. Wanzami ya yi aski da ƙaho, maɗinki ya yi ɗinki, mahauci ya yi tsire, malami ya buɗe makarantar allo a gindin bishiya, mata su yi ƙosai da fura su sayar. In yaro ya kamu da ƙyanda, gidansu ya dakata har ya warke, ya bi ayari na gaba. In mace ta haihu, a yi suna, a yi wankan jego, sannan a ɗaura majanyi. Kusan kowane babban gari a kan hanyar yana da zango ko unguwar mutanenmu, da wani dattijo da baƙo zai sauka a hannunsa. Da yawa daga cikin unguwannin Hausawa da ke tsakanin Chadi da Bahar Maliya haka suka samo asali: wani ya tsaya jinya ko noma, na bayansa suka tarar da shi.

Ko a fiƙihun Malikiyya da suka karanta, hajji yana hawa kan mutumin da zai iya tafiya a ƙasa in yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, amma da sharaɗin aminci ga rai da dukiya. Sana'a da aminci su ne guzurinsu na gaskiya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Sun yarda su daɗe. Wasu ma ba su je ba sam: da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, suka tsaya tsinkar auduga don tara kuɗin jirgi, shekara ta zama goma, goma ta zama jikoki. Wani masani ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, wanda ya zauna cikin mutanenmu ya fitar da littafi a 1995, alhazan dindindin ya kira mu.

Duk da wannan tsari da wannan haƙuri, kada mu yi wa tarihi kwalliya. Hanyar ta ci yara. Kakata ba ta taɓa ba da labarin ba tare da ta ambaci yayanta biyu da aka binne a wurare biyu da ba ta san sunayensu ba. Mu da muke alfahari a yau jikokin waɗanda suka tsira ne, waɗanda ba su tsira ba ba su bar wanda zai yi magana da yawunsu ba. Akwai kuma waɗanda suka isa Hijaz aka yaudare su aka sayar, har da yara, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962. Sannan akwai bashin da ya fi kowanne daɗewa ba a gama biya ba, bashin takarda. Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun kafin 1898. Jaririn da aka shigo da shi a goye bayan wannan lokaci ya girma a nan, ya yi furfura a nan, bai san wata ƙasa ba, amma aka ce masa baƙo. An sassauta dokar daga baya, sai dai wa a cikinmu bai san gidan da aka sha wuya kafin a sami raƙam waɗani ba? Wa bai san kambon da aka haifi uba da ɗa da jika a cikinsa, ba su mallaki taƙin ƙasar da ɗakinsu yake kai ba? Shawarar da uba ya yanke a dare ɗaya ita ce jikansa yake amsa tambaya a kanta a gaban ma'aikacin rajista.

To, yanzu mu dubi hanyar da ƙanena yake son bi. Babu madugu, sai ɗan tahrib wanda ya karɓi kuɗinsa tun kafin a tashi, wanda ba ka san sunansa na gaskiya ba, ba ka san gidan ubansa ba. Babu jaki mai tafiya daidai da ƙarfin yaro, sai boksi da aka lafta wa mutane ninkin abin da aka ƙera ta domin shi, tana gudu dare da rana don kauce wa masu sintiri. Babu zango, babu rijiya, babu gonar da za a roƙa. In jariri ya fara gudawa, direba ba zai tsaya ba, in ma ya tsaya babu abin da tsayawar za ta ƙara. In mota ta mutu, ruwan da ke cikin jarka shi ne iyakar kwanakin kowa, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin bushewa. Kakanninmu sun bi gefen sahara, ta ƙasar da ake noma da kiwo, suna tafiya daga rijiya zuwa rijiya. Wannan hanya kuwa tsakiyar yashi take ratsawa.

Ba tatsuniya nake yi ba. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a saharar arewacin Nijar, bayan garin Arlit, a kan hanyar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza. Akasarinsu daga yankin Kance na ƙasar Damagaram suka fito, wato Hausawa ne irinmu, masu harshe irin namu da sunaye irin na 'ya'yanmu. A nan kusa kuma, tun da Masar ta wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan a watan Yunin 2023, har mata da yara da tsofaffi da a da ba a nema musu, jama'a suka koma bin ɓarauniyar hanya, kuma a bazarar 2024 mun ji yadda zafi ya yi ta kashe mutane a bayan motoci kafin su kai Aswan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ya isa kuma, me ya isa ya tarar? Libiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba. Wanda ya shiga ba takarda yana iya kwana a gida ya wayi gari a tsare, kuma ba a ware masa 'ya'yansa a ce su ba su da laifi. Yaron da aka haifa a can ba rajista ya fara rayuwa da irin bashin da kakansa ya sha wuyar biya a nan. Mu da muka fi kowa sanin ɗacin a tambaye ka asalinka a garin da aka binne cibiyarka, bai kamata mu zama masu gadar wa 'ya'yanmu wannan tambaya karo na biyu ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce mai wannan rubutu yana magana kamar zaman gida aminci ne. Ba mu manta da Yulin 2022 ba, lokacin da rikici ya tashi a Rusairis da Ganis, ko abin da ya biyo baya a Wad al-Mahi a watan Oktoba, sa'ad da mata suka fita da yara ba ko takalmi suka nufi Sinnar da Rabak. Ba mu manta da 15 ga Afrilun 2023 ba, ko faɗuwar Madani a Disambar wannan shekara, ko watannin da aka yanke hanyar Sinja a 2024 har gari ya ƙuntata, magani ya yi wuya, farashi ya haukace. Adre da kakanninmu suka ratsa suna fuskantar gabas, yau dubban ɗaruruwan mutane sun ratsa ta suna fuskantar yamma. Uwar da ta ɗauki ɗanta ta gudu daga harsashi, ta bi duk hanyar da ta samu, babu mai bakin zarginta, ni ma ba ni da shi. Wanda wuta ta kama ɗakinsa ba a tambayarsa don me ya fita ta taga.

Magana ta tana kan wanda yake da kwanakin yin shawara. Ƙanena ya yi wata biyu yana neman mai sayen raksha. Wanda ya sami wata biyu na ciniki ya sami wata biyu na tunani. Gudun ceton rai daban, tafiyar neman arziki daban, ko da yunwa ce ta tura ka. A ta farko hatsarin da ke bayanka ya fi na gabanka. A ta biyu kai ne kake ɗaukar yaro daga wahalar da ka sani ka kai shi ga wadda ba ka auna ba, shi kuwa ba a tambaye shi ba, ba ya ma da bakin da zai ce a'a. Babba in ya jefa kansa cikin kasada, ransa ya sa a faifai. In ya ɗauki yaro, amanar da aka ba shi ya sa.

Wasu kuma za su ce raba iyali shi ma ciwo ne, kuma gaskiya ne. Mun ga gidajen da maigida ya tafi shekara uku ba labari, mun ga yaran da suka tashi ba su san muryar ubansu ba sai ta waya. Amma ciwon rabuwa yana da magani in an yi tsawon rai, kabarin da ke cikin yashi kuwa ko ziyara ba a kai masa. Kuma kakannin da ake kafa hujja da su sun san wannan dabara. Sau da yawa namiji yakan yi gaba zango ɗaya, ya sami gona ko aiki, ya kafa bukka, sannan ya aiko ko ya dawo ya ɗauki iyali. Gida biyu maganin gobara. In tafiya ta zama dole, uba ya je shi kaɗai, ya ga wuri da idonsa, ya nemi takarda, sannan yara su biyo ta ƙofar da ake buga hatimi, ko da za a yi shekara ana jira.

Kada a fahimce ni a kan cewa ina son a tsare yaro a gida kamar kaza a akurki. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma mu shaida ne. Ɗan Bahaushen Sudan yana tashi da harshe biyu, wani da uku, saboda ƙafar kakansa ta yi nisa. Burina ne in Allah ya kawo zaman lafiya in ɗauki 'ya'yana in kai su Kano, su ga ganuwa da Dala da kasuwar Kurmi, su ji Hausar da ba a gauraya ta da Larabci ba, su yi dariyar tamu, a yi dariyar tasu, su san cewa sunan unguwar da kakarsu take ambata wuri ne na gaske mai ƙofa da mutane. Yaron da ya ga haka ba wanda zai sake sa shi jin kunyar asalinsa. Amma wannan tafiya ce da ake shirya wa, da fasfo, da rigakafi, da sanin gidan da za a sauka. Tsohuwar hanyar ma ta Jinaina da Fashir da Nuhud yau fagen yaƙi ce, ba wurin bi da yaro ba.

Ga wanda tafiya da yara ta zame masa tilas, ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi shahadar haihuwar kowane yaro da katin rigakafinsa, a ɗauki hotonsu a waya, a tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari, domin takarda tana jiƙewa, waya tana ɓata. A tabbata an yi wa yaro allurar ƙyanda, wadda ake farawa a wata 9, don ita ce take fara bin yara a duk inda aka cunkushe. Kowace uwa ta haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai shayarwa kada ta yaye ɗa a hanya. Yaron da ya iya magana a koya masa sunansa da na ubansa da na kakansa da sunan garinsu, da Hausa da Larabci, wanda bai iya ba a rubuta a ɗinke masa a riga. Kada a hau motar da ba wanda ya san direbanta, kada a yarda a raba uwa da ɗanta a motoci biyu, kuma kada a tashi sai wani a gida ya san ranar tashi da hanyar da za a bi da ranar da ya kamata a ji labari.

Sauran nauyin yana kanmu mu jama'a. Abin da ya rayar da yaran ayari shi ne zango, kuma zango mutane ne. Muna da 'yan'uwa a Kosti, da Gadarif, da Bur Sudan, da Alƙahira, da Jidda, da Njamena. Abin da dattijon zango yake yi da ƙafa da baki, yau ana iya yin sa da waya: a san wa ya tashi, a san wa zai tarbe shi, a faɗa wa mai niyya gaskiyar hanya kafin ya sayar da abin hannunsa. Waɗanda suka isa kuma su ji tsoron Allah su daina turo hoton gaban kanti suna ɓoye labarin daren da suka kwana a sahara. Limamanmu da sarakunanmu da shugabannin matasa su ɗauki wannan magana a masallaci da wurin biki. Gidan da maigida ya tafi ya bari, a leƙa shi, a san abin da yara suka ci. Da ƙanena ya tabbata akwai masu riƙe masa gida, da wataƙila bai fara tunanin ɗaukar jariri ba.

Washegari na je gidansa da sassafe, na ce masa, "Ƙanena, in ka ƙudura tafiya ba zan riƙe ƙafarka ba. Amma matarka da yaran nan su dawo gidana. Abin da 'ya'yana suka ci shi za su ci." Ya yi shiru, ya ce zai yi shawara da ita. Har yanzu da nake wannan rubutu bai tashi ba, bai kuma ce ya fasa ba. Babbar 'yarsa tana zuwa wurin 'ya'yana da allonta kullum da yamma, ba ta san ana maganarta ba.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya jiƙan waɗanda hanya ta riƙe na da da na yanzu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wanda yake da ɗan'uwa mai irin wannan niyya, ya je ya same shi tun bai sayar da abin hannunsa ba.